Turken da ke auna tafiyar ƙasa a yankin Afar

A shirinmu na wannan mako mun leƙa yankin Afar na ƙasar Habasha, kusa da iyakar Jibuti da Iritiriya, inda makiyaya raƙuma da fataken gishiri ke zaune kan ƙasar da ke tsagewa.

A watan Satumba na 2005, ƙasa ta yi ta girgiza a wajen dutsen Dabbahu. Cikin 'yan makonni sai ta buɗe tsawon kilomita 60, faɗin buɗewar a wasu wurare har ya kai mita 8. Toka ta rufe makiyaya, dubban mutane suka tashi da dabbobinsu.

To, me ya jawo haka? Ɓawon duniyar nan ba guda ɗaya ba ne, kamar ƙwarya yake da ta fashe ta zama sakaina manya-manya, kowace tana matsawa sannu a hankali. A Afar guda uku ne suka haɗu: ta Larabawa, ta Somaliya, da babbar ta Afirka wadda ƙasashenmu ke tsakiyarta, nesa da baki. Ta Larabawa tana janyewa da abin da bai wuce santimita 2 ba a shekara. Ta Somaliya kuwa milimita 6 zuwa 7, wato kamar ƙwayar wake ɗaya.

Za ku ce, yaya ake gane tafiyar da ido ba ya gani? Da GPS ne, irin wanda ke cikin wayarku, sai dai na waya yana kuskure da 'yan mitoci. Su masana, turken ƙarfe suke kafawa cikin dutse, su ɗora masa na'ura da faifan sola. Dare da rana tana karɓar saƙon taurarin ɗan'adam da ke shawagi kimanin kilomita 20,000 a sama, tana lissafa inda take tsaye. Turke dai ba ya tafiya da kansa. In aka ga tazarar turke biyu ta ƙaru, ƙasa ce ta motsa. In kuma turke ya ɗaga sama, alama ce narkakken dutse na taruwa a ƙarƙashi.

Bayan 2005, Jami'ar Addis Ababa da masanan Ingila da Faransa sun kafa irin waɗannan turaku a yankin, suka bi sawun ƙarin tsagewa fiye da goma har zuwa 2010.

Na'urar ba ta faɗin ranar da ƙasa za ta girgiza. Abin da take nunawa shi ne wurin da haɗari ke taruwa, don kada a kafa gari ko a shimfiɗa hanyar motocin kaya a kai. Shi ya sa in aka cire batir ɗaya daga turke, awon watanni ya tafi a banza, kuma mai garke ne zai fara ɗanɗana kuɗarsa.

Allah Ya kiyaye mu da dukiyarmu. Sai mako mai zuwa.