Habashar Mengistu: Lokacin da Gwamnati ta Shiga Farautar Masu Ibada

Tun da shugaban Amurka Donald Trump ya sake saka Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake zargi da tauye 'yancin addini a ƙarshen Oktoban 2025, maganar ba ta bar bakin jama'a ba, daga majalisun Sule Tankarkar da Gumel har karar shanu ta Maigatari ranar Alhamis. Wasu na cewa babu inda ake zaluntar Kirista a duniya. Wasu kuma da an ambaci zaluncin sai su ɗauka Musulmi ake nufi. Dukansu sun yi kuskure. A jerin akwai Sin da Koriya ta Arewa da Iritiriya, inda hukuma ce da kanta ke garƙame wuraren ibada. Namu ciwon daban ne: 'yan bindiga na kashe kowa, hukuma ta gaza kare kowa.

Mai son sanin kamannin zaluncin gwamnati ya dubi Habasha, ƙasar da muka sani a sira amma muka jahilci tarihinta na jiya-jiya. Kowane ɗalibin Islamiyya ya san Najjashi, sarkin Kirista da ya karɓi Ja'afar ɗan Abi Ɗalib da sauran sahabbai, ya ƙi miƙa su ga jakadun Ƙuraishawa. Mutum nawa a cikinmu suka san abin da ya faɗa wa Kiristocin Habasha shekaru hamsin da suka wuce?

A watan Satumban 1974 sojoji suka hamɓarar da Sarki Haile Selassie, suka kafa mulkin Derg a kan aƙidar kwaminisanci, Mengistu Haile Mariam ya zama mai wuƙa da nama. A 1975 aka ƙwace filayen noma, har da na cocin Otodoks. A 1976 aka kama shugaban cocin, Abuna Tewofilos, aka tsare shi shekara uku, sannan aka kashe shi a ɓoye a 1979. A zamanin kisan gillar da Derg ta yi daga 1977 zuwa 1978, uwa kan je karɓar gawar ɗanta a ce sai ta biya kuɗin harsashin da aka harbe shi da shi.

Gudina Tumsa, babban sakataren cocin Mekane Yesus, ya ƙi yarda a mayar da coci bakin farfagandar gwamnati. Sau biyu ana kulle shi. Shugaban Tanzaniya Julius Nyerere ya nema masa hanyar fita, amma Gudina ya ce ba zai gudu ya bar jama'arsa ba. Ranar 28 ga Yulin 1979 aka sace shi a Adis Ababa, ba a gano gawarsa ba sai 1992, bayan Mengistu ya tsere Zimbabuwe. Matarsa Tsehay Tolessa ta shafe kusan shekara goma a kurkuku. A 1982 aka haramta cocin Meserete Kristos baki ɗaya, mabiyanta suka koma haɗuwa a ɗakunan gidaje, kaɗan-kaɗan, suna sassauta murya don gudun 'yan leƙen asirin unguwa. Cocin Kale Heywet ma an rufe mata ɗaruruwan majami'u. Ita wannan 'yar'uwar ECWA ce, domin mishan ɗaya ce ta haife su, wato SIM, wadda ta kafa asibitin idon Kano da tsofaffinmu ke zuwa a cire musu yanar ido.

Kada Musulmi ya ce ba ruwansa. Gaskiya ne Derg ta ba da hutun Sallah da farko, amma mulkin da ke ganin addini kishiya ba ya tsayawa kan ƙofa ɗaya. A Albaniya, a 1967, Enver Hoxha ya rufe masallatai da coci-coci fiye da 2,000 a shekara guda. A Iritiriya, hukumar da ta tsare shugaban coci Abune Antonios har ya rasu a 2022 ita ce ta kulle dattijo Haji Musa Muhammad Nur saboda kare makarantar Islamiyya, ya rasu a tsare a 2018. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To me ya hana malamanmu karantar da wannan tare da labarin Najjashi? Muna da Kiristoci Hausawa 'yan asalin Jigawa, muna da baƙin 'yan kasuwa da malaman makaranta. Musanta zargin Amurka a rediyo ba zai wadatar ba. Shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai su tabbatar duk wanda ya nemi filin ibada ko maƙabarta bisa ƙa'ida an ba shi amsa a kan lokaci, duk wanda ya tsokani maƙwabci saboda addininsa kuma ya fuskanci hukunci. Haƙƙin maƙwabtaka wajibi ne a kanmu, bai kamata mu jira wata ƙasa ta tuna mana ba.