Abin da Fenti Ke Ɓoyewa: Darasi Daga Garejin Fanal Bita

A daminar bara wani mai Adaidaita Sahu ya gogi ƙofar motata a cikin cunkoso, ya bar mini lotsawa mai faɗin tafin hannu. Na kai ta wani gareji ina ta gaggawa, domin ina da ɗaurin aure a ƙarshen mako. Na ce da mai gyaran kwana biyu kawai nake da su, kuma na yi ta ciniki har sai da ya rage kuɗin. Ranar da na je ɗauka ƙofa tana ƙyalli kamar sabuwa, na tafi ina yaba gwanintarsa.

Watanni kaɗan bayan haka sai fentin ya fara kumbura, wasu siraran layuka masu lanƙwasa suka bayyana a ƙarƙashinsa, daga baya tsatsa ta ɓullo. Wani abokina ya haɗa ni da wani dattijon fanal bita da ya daɗe a sana'ar. Dattijon ya ciro ɗan mayen ƙarfe daga aljihu ya ɗora a kan ƙofar baya, ya manne. Ya ɗora a inda aka yi gyara, ya faɗi ƙasa. Sai ya dube ni ya ce, "Malam, nan ba ƙarfe kake taɓawa ba, bodi fila ce aka lafta. Wanda ya yi aikin nan da faifai mai kaushi ya fara, da shi kuma ya gama."

Daga bayaninsa da abin da na karanta daga baya na fahimci yadda lamarin yake. Faifan gurza da ake ɗaura wa injin hannu samfefa ce da aka yanka a zagaye, aka manna wa fuskarta ƙwayoyi masu tauri. Lambar da ke bayansa tana nuna girman ƙwayoyin: idan lamba ta yi ƙasa, kaushi ya yi yawa. Lamba 24, 36 da 40 su ne masu cin fenti da tsatsa da tudun walda. Lamba 80 ake daidaita fila da ita, 180 ta share sawun 80, sannan a bi da 320 ko 400 kafin feshi. Kowane mataki aikinsa goge karcen da na gabansa ya bari. Wanda ya tsallake matakai ya rufe zurfafan karce da fenti, to idan fentin ya gama bushewa ya janye, sai sawun ya fito fili. Layukan da na gani a ƙofata ke nan.

Ɓarnar ba ta tsaya ga ado ba. Ƙarfen jikin motocin zamani bai kai milimita ɗaya kauri ba, galibi kuma an shafe shi da sinadarin zinki domin kare shi daga tsatsa. Faifai mai lamba 36 idan aka danna shi wuri guda yana kwashe wannan kariya, ya rage kaurin ƙarfen, zafin gogayya kuma ya sa shi ya lanƙwashe. Daga nan sai a nemi rufe aibin da fila mai kauri, alhali an yi ta ne domin cike ƴan ramuka marasa zurfi bayan an kwankwasa ƙarfe ya koma siffarsa. Fila mai kauri tana tsagewa, ruwa ya shiga, tsatsa ta ci ƙarfen daga ciki.

Sai dai abin da ya fi damuna a wannan gareji shi ne yaron da na gani yana gurza jikin wata mota, wanda bai wuce shekara goma sha biyar ba. Ƙura ta mai da gashin kansa da girarsa fari fat. Babu takunkumi a hancinsa, babu tabarau a idonsa, an kuma cire marfin kariya na injin. Ƙaramin injin gurza mai faifai milimita 115 yana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya, wato bakin faifan yana gudun da ya haura kilomita 200 a awa. Faifan da ya tsage ko ya sha danshi idan ya tarwatse a irin wannan gudu, ɓarɓashinsa na iya tsiyayar da ido nan take. Ita kuwa ƙurar, cakuɗe ce ta fila da tsohon fenti da garin ƙarfe, wani fentin ma yana ɗauke da dalma. Illarta ga huhu ba ta nuna kanta a rana ɗaya, sai bayan shekaru.

Masana'antun mota sun daɗe da sanin wannan matsala. Tun a 1921 kamfanin 3M na Amurka ya fito da samfefar da ake amfani da ita da ruwa, wadda ta rage ƙurar da ma'aikata ke shaƙa. Shekara ɗari ke nan da wani abu, amma yaran garejinmu suna nan suna shaƙarta, sai dai su ɗaura tsumma a hanci idan ta yi yawa.

Na tambayi dattijon, "Baba, me ya sa ake yin haka alhali an san illarsa?" Ya yi murmushi ya ce, "Ku ne, Malam. Kowa so yake a gama yau, a kan rabin kuɗi. Faifai mai kaushi shi ke da sauri." Ban sami amsar da zan ba shi ba, domin ni ma abin da na yi ke nan. Hausawa sun ce araha ba ta ado, ni kuwa na biya kuɗin ƙofa ɗaya sau biyu.

Don haka nake ganin gyaran yana wuyan ɓangarori uku. Mu masu motoci mu ba aiki lokacinsa, mu nemi a nuna mana ƙarfen kafin a shafa fila, kuma mai sayen mota ta hannu ya tafi da mayen ƙarfe, sai dai ya sani ba ya kama jikin alminiyom ko roba ko da lafiyarsu ƙalau. Iyayen gida a gareji su ɗauki takunkumin ƙura da tabarau a matsayin kayan aiki kamar guduma, tunda amanar ƴaƴan mutane aka ba su. Ƙungiyoyin masu sana'ar da kwalejojin fasaha kuma su riƙa shirya wa masu koyo horo a kan lambobin samfefa da kare kai, cikin harshen da suke ji.

An sake gyara ƙofata cikin kwana shida, har yau kuma fentin bai motsa ba. Ranar da na je biyan kuɗi na tafi wa yaron da tabarau da takunkumi. Ya karɓa yana dariya, ya rataya su a wuya. Ina fata maigidansa zai sa shi ya ɗaga su zuwa fuska.