Daga Lifidi Zuwa Mota Mai Sulke: Yadda Ake Sabunta Motocin Yaƙi

Duk wanda ya zauna a Hayin Banki, kusa da Kawo, ya saba ganin manyan motocin soja a kan hanyar Zariya, wani lokaci ɗauke da wata motar ƙarfe wadda ta gaji. Abin da muke nufi a wannan takarda shi ne mu bayyana dalilin da ya sa ake sabunta irin waɗannan motoci, da yadda ake yin aikin, da kuma matsayin Kaduna a cikinsa.

Da farko ya kamata mu lura da kalmar kanta. Hausawa sun ce "mota mai sulke" domin sun san sulke tun da daɗewa. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji ne ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, wajen ƙarshen ƙarni na 14. Matsalar ɗan lifida kuwa ita ce nauyi: in an ƙara wa doki lifidi kibiya ba ta huda shi, amma gudunsa ya ragu. A 1903, sa'ad da Turawa suka zo Kano da Sakkwato da bindiga mai ruwa, sai ya zama lifidi ba shi da sauran amfani. Haka al'amarin yake har yau. Abu 3 ake aunawa ga kowace motar yaƙi, watau kaurin sulkenta, da ƙarfin bindigarta, da saurin tafiyarta, kuma da wuya a ƙara ɗaya ba tare da an tauye wani ba.

Bayan samun mulkin kai a 1960, motocin sulken Nijeriya ƙirar Ingila ne. Akwai Ferret, ƙaramar motar leƙen asiri mai ƙafa 4, akwai kuma Saladin mai ƙafa 6 da igwa mai faɗin baki milimita 76. Ƙungiyar farko ta masu waɗannan motoci a Kaduna take, kuma Manjo Hassan Usman Katsina ne ke shugabantarta a farkon 1966. Da irinsu aka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Daga baya aka sayo tankoki masu tafiya a kan sarƙa, kamar T-55 na Tarayyar Sobiyat da Vickers na Ingila mai igwa milimita 105, sa'an nan a 2020 VT-4 suka iso daga Sin.

To, me ake nufi da sabuntawa? Gangar jikin tanka tana iya shekara 40 ba ta lalace ba. Abin da ke cikinta shi ke tsufa. Saboda haka akan kwance motar gaba ɗaya, a fid da tsohon inji a sa sabo, sau da yawa na dizal maimakon na fetur, gama dizal bai cika saurin kama wuta ba. Akan sa madubin da ke ganin ɗumin jiki cikin duhu, da na'urar auna nisa, da sabuwar wayar iska. Akan kuma daɗa faranti na ƙarfe a gaba da gefe. Amma fa kowane faranti nauyi ne, don haka tilas a ƙarfafa giya da birki da ƙafafu, a kuma duba ko gadojin ƙasar za su ɗauka. Kuɗin wannan aiki bai kai na sabuwar mota ba, shi ya sa ƙasashe da yawa suka riƙe maganar nan cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Faɗan da aka shiga a Arewa maso Gabas tun 2009 ya sake tsarin bukata. Abin da ya addabi soja a can shi ne nakiyar da ake binnewa a hanya. Motar da cikinta yake shimfiɗe takan karɓi dukan ƙarfin fashewar, mutanen ciki su halaka. Maganin da aka samo a kudancin Afirka cikin shekarun 1970 shi ne a ɗaga motar sama, a ƙera ƙasanta da tsini kamar gindin kwalekwale, domin bugun ya watse gefe da gefe. Domin kare soja daga nakiya aka ƙera motar Ezugwu, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Kaduna cikin Disamba 2019. Aikin na hukumar DICON ne, wadda aka kafa a Kaduna a 1964, tare da ma'aikatar injiniyoyin soja ta Rigachikun.

Akwai darasi a nan wanda ya dace malamai su isar wa almajiransu. A 1995 ƙasashen Turai suka hana sayar wa Nijeriya makamai, har zuwa 1999. Wanda ya sayi tanka a waje, bai kuwa iya ƙera kayan gyaranta ba, ranar da mai sayarwa ya juya baya tankarsa ta zama kufai. Zanen aro ba ya rufe katara. Har wa yau, tara motoci daga ƙasashe dabam-dabam yana wahalar da makanikai, domin kowace iri da nata harsashi, da nata kusoshi, da nata littafin gyara. Ashe ƙarfin rundunar sulke yana hannun mai walda da makaniki da mai tsaron sito kamar yadda yake hannun mai harbi, kuma a makarantun sana'a ake soma horar da su.