Ƙarin ɗaki ko ɗora bene: Wa ya kamata ya zana ginin?

Da zarar an kammala girbin shinkafa da masara a ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa na kudancin jihar Kano, magidanta da dama kan shiga hidimar faɗaɗa gidajensu.

Wani zai aurar da ɗa ne yana neman inda zai ajiye amarya, wani kuwa so yake ya ɗora bene a kan shagunansa na bakin titi.

Tambayar da kan taso ita ce, shin sai an nemi akitek, ko kuwa mai zane da ya yi difloma ya wadatar?

Amsar dai ta dogara ne a kan nauyin da ginin zai ɗauka.

Bambancin da ke tsakaninsu

A Najeriya, doka ta keɓe sunan akitek ga wanda ya yi rajista da hukumar ARCON, wadda aka kafa a shekarar 1969.

Kafin ya kai ga haka, sai ya yi digiri na farko da na biyu, kamar yadda ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya yi aiki a ƙarƙashin wani ƙwararre, sannan ya ci jarrabawar ƙwarewa.

Aikinsa shi ne tsara gini baki ɗaya, tun daga inda iska da haske za su shiga, har zuwa yadda zaure zai kare mutuncin cikin gida.

Shi kuwa mai difloma, a kwalejin fasaha yake karatu, shekara biyu a matakin farko, wasu kuma su ƙara biyu a mataki na gaba.

Ya iya zana taswira, da auna fili, da lissafin bulo da siminti, kuma kuɗin aikinsa bai kai na akitek ba.

Sai dai akwai mutum na uku da ake yawan mantawa da shi, wato injiniyan gini mai rajista da hukumar COREN, wanda shi ne ke lissafa kaurin rodi da ƙarfin ginshiƙai.

Inda mai difloma ya isa

Idan ɗaki ɗaya ko biyu za a ƙara a ƙasa, ko kicin da banɗaki masu rufin kwano, mai difloma tare da magini mai gogewa za su iya aikin.

Ƙasar Hausa dai ba baƙuwa ba ce a wannan fage, domin tun kafin zuwan Turawa akwai sarautar Sarkin Magina, kuma Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa da azara a ƙarni na 19.

Abin lura a nan shi ne ruwa. Kudancin Kano ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, musamman yankin Doguwa mai duwatsu.

Sabon ɗakin da ya toshe kwata kan mayar da ruwa gindin tsohuwar katanga, wanda hakan na daga cikin dalilan rushewar gidajen ƙasa a watan Agusta.

Inda ba a wasa

Lamarin kan sauya idan bene za a ɗora, ko kuma za a fasa bangon da ke ɗauke da rufi don faɗaɗa falo.

Harsashin da aka haƙa don gidan ƙasa, ba lallai ba ne ya ɗauki nauyin dekin kankare da ɗakunan sama.

A nan wajibi ne akitek ya tsara, injiniya kuma ya tona ya duba harsashin kafin a zuba ko da kwano ɗaya na kankare.

Gaggawa ma kan jawo asara, domin kankare na buƙatar kimanin kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka tsara masa.

A watan Agustan 2022 wani bene da ake ginawa ya rufta a titin Beirut da ke birnin Kano, sannan a watan Yulin 2024 ginin wata makaranta ya rushe a Jos, inda mutane 22 suka rasu.

Batun izini

A birnin Kano hukumar KNUPDA ce ke ba da izinin gini, yayin da dokar filaye ta 1978 ta ɗora kula da filayen karkara a kan ƙananan hukumomi.

Don haka yana da kyau magidanci ya tuntuɓi sakatariyar ƙaramar hukumarsa, ya kuma daidaita iyaka da maƙwabta a gaban mai unguwa kafin a fara haƙa.

Ga wanda kuɗinsa bai kai ba, akwai hanya ta tsakiya: ya biya akitek da injiniya kuɗin zane da duba muhimman matakai, kamar harsashi da zuba deki, ya bar kulawar yau da kullum ga mai difloma.

Kuɗin zanen dai kaɗan ne idan aka kwatanta da na siminti da rodi, ballantana rayukan iyalin da za su kwana a ƙarƙashin ginin.