Ina Ungulayen Kwata Suka Shiga?

Kasuwar shanu ta Potiskum tana cikin manyan kasuwannin dabbobi a Afirka ta Yamma, kuma duk inda ake yanka, a da can ba a rasa ungulu. Ta kan yi sammako ta jira mahauta, ta share jini da tarkacen kwata kafin rana ta take. Yau sai mutum ya yi wata da watanni a garuruwan Arewa bai ga ko ɗaya tana jewa ba. Wannan rashi ya kamata ya dame mu.

Masu nazarin dangantakar halittu da muhallinsu sun gano cewa ungulu ma'aikaciyar tsafta ce da ba a biya. Ruwan cikinta yana da ƙarfin narkar da ƙwayoyin cuta irin na ciwon saifa, don haka cutar da ke jikin mushe a cikinta take ƙarewa. A wani bincike da Darcy Ogada da abokan aikinta suka yi a Kenya, wanda aka buga a 2012, an ga cewa inda babu ungulu, mushe yakan daɗe kusan ninki uku kafin ya ƙare, namun daji masu cin mushe kuma su yi ta cuɗanya a kansa.

Indiya ta ɗanɗana kuɗarta. A shekarun 1990, maganin shanu mai suna diclofenac ya kashe sama da kashi 95 cikin ɗari na wasu nau'o'in ungulayen ƙasar, domin yana lalata ƙodar wadda ta ci mushen saniyar da aka yi wa allurarsa. Kafin a hana amfani da shi ga dabbobi a 2006, karnukan bola sun gaji mushen, sun yawaita, fargabar ciwon haukan kare ta ƙaru.

A nan gida, masu farauta ne ke sa wa nama guba, su kwashi kawunan ungulu su sayar wa masu magani da tsafi. Ga kuma saran manyan itatuwan da take sheƙa a kai. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, shi ya sa giɓin ba ya saurin cikewa. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya ungulun da muka saba gani a kwata cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

Garin da arzikinsa ke kan dabba ya fi kowa buƙatar wannan tsuntsuwa. Sarkin Fawa da malaman dabbobi da masu unguwanni suna da ta cewa: a hana sa guba, a daina sayen kan ungulu, a bar tsofaffin itatuwa. Hausawa na cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya, amma sai mun bar mata tsamiyar a tsaye.