Lu'ulu'un Ƙasa da Na Masana'anta: Yadda Ake Bambance Su

Lu'ulu'u, wato daiman, sinadarin kabon ne tsantsa, irin na gawayi, wanda zafi da matsi suka dunƙule shi har ya zama ya fi kowane dutse tauri. Na asali ya samu ne a zurfin kilomita 150 zuwa 200 a ƙarƙashin ƙasa, akasarinsa fiye da shekara biliyan ɗaya da ta wuce, aman wuta ya turo shi sama. A Afirka ta Yamma ana haƙo shi a Kono ta Saliyo, da Banankoro ta Gini, da Akwatia ta Gana, inda Hausawan zango suka daɗe suna zaune.

A 1954 kamfanin General Electric na Amurka ya ƙera shi a ɗakin gwaji. Yau hanya biyu ake bi. Ta farko, HPHT, kwaikwayon cikin ƙasa ce: a narka kabon cikin ƙarfe a zafin da ya haura digiri 1,300, a danne shi da matsi mai tsanani. Ta biyu, CVD, iskar gas mai kabon ake sakarwa a kan ƙwayar iri, ta riƙa kwanciya shimfiɗa bisa shimfiɗa. Makonni kaɗan sun isa. Lardin Henan na Sin da birnin Surat na Indiya ne kan gaba a wannan sana'a.

Abin da ke fitowa ba jabu ba ne, kuma nan wuyar take. Jabun gaske su ne gilashi da zirkoniya da moisanait, waɗanda ake dasawa a 'yan kunne da zobba masu araha. Maƙerin Gure ko na Damagaram da ya saba goga zinariyar Jado a dutse ya ɗiga mata ruwan gwaji ba shi da irin wannan dabara a nan. 'Yar na'urar hannu mai auna gudun zafi a cikin dutse tana kama gilashi da zirkoniya, amma na ƙasa da na masana'anta amsa ɗaya take ba su, kuma taurinsu da nauyinsu da ƙyallinsu duk ɗaya ne.

Bambancin yana cikin yadda kowanne ya girma, kamar saƙar hannu da ta inji: auduga ɗaya, zubin zare daban. Kusan kashi 98 cikin ɗari na lu'ulu'un ƙasa suna ɗauke da naitrojin da ya taru gungu-gungu saboda daɗewa a cikin zafi. Fari na masana'anta kusan babu naitrojin a cikinsa, don haka wata na'urar tacewa mai gano wannan ke ware shi gefe. Warewar ba hukunci ba ce, tunda akwai na ƙasa ƙalilan masu irin wannan tsabta. Sai a kai shi ga na'ura irin DiamondView ta kamfanin De Beers, mai haska dutse da hasken da ido ba ya gani. Na HPHT yakan nuna zane mai kama da gicciye, na CVD kuma layuka a jere. Wani lokaci tabarau mai ƙara girma kan nuna ɗigon ƙarfe a cikin na HPHT, har maganaɗisu mai ƙarfi ya ja shi.

Ga mai saye, abin dogaro shi ne takardar shaida daga cibiya irin GIA ko IGI, da lambar da aka zana da hasken laza a ƙugun dutsen. Dole lambar ta dace da ta takarda, awon da nauyin ma su dace, domin an sha kama na masana'anta ɗauke da lambar wani dutsen ƙasa. Da karat ake auna nauyin, karat ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin biyar na giram.

Maganar bambancin ta kuɗi ce. A 2018 De Beers da kansa ya fara sayar da na masana'anta a kan dala 800 karat ɗaya, farashin kuwa ya ci gaba da faɗuwa har kamfanin ya sanar da rufe reshen da ke sayar da shi a 2025. Inda aka saba ɗaukar kayan ado a matsayin ajiya don ranar buƙata, zobe mai irin wannan dutse zinariyar jikinsa ce kawai ke riƙe daraja idan aka zo sayarwa.