Daga Fili Zuwa Horarwa: Darasin Goetinck Ga Kudancin Kano

Duk la'asar da na bi hanyar Kwanar Dangora zuwa Doguwa, nakan ga yara suna taka leda babu mai horar da su, sai in tuna Hector Goetinck. Ɗan Beljiyam ne da ya daɗe yana yi wa Club Brugge wasa, daga bisani ya jagoranci ƙasarsa zuwa gasar cin kofin duniya ta farko a Yurugwai, a 1930. A wannan kulob ɗin Daniel Amokachi na Kaduna ya yi fice daga 1990, shi ma ya koma horarwa. To, ina tsofaffin 'yan wasan Bebeji, Kiru da Tudun Wada? Wajibi ne ƙananan hukumominmu su nemo su, su ba su horo da alawus, kada su tafi kabari da iliminsu.